An ba ni Falsafa maimakon Lauya, ga shi ina so ina tsoro

'Yar Anguwar Rogo
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. A yi min haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika min ciki, kuma in na faɗa a gida hankalin Umma zai tashi.

Lauya na cike a JAMB, makina bai kai ba, sai aka ba ni Falsafa a jami'a nan Jos. Na karɓa da niyyar in sa ƙafa tukuna, in na yi ƙoƙari a shekarar farko in nemi canjin kwas. To an fara lakca, kuma abin ya zo min ba yadda na zata ba. Wata rana in fito daga aji raina fes, ina cikin keke ina juya maganar malami har a wuce da ni layinmu ban sani ba. Wata rana kuma in fito gabana na faɗuwa, ina ta istigfari ban san laifin da na yi ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai wata tambaya ce da aka yi mana a darasin ɗabi'a. Malamin ya ce: shin abu yana zama mai kyau ne don Allah ya yi umarni da shi, ko kuwa Allah ya yi umarni da shi ne don dama can mai kyau ne? Ya ce asalinta daga rubutun Aflatun ne, masanin falsafar Girka, inda malaminsa Sokratis ya tare wani mutum da tambayoyi a ƙofar kotu. In ka zaɓi na farko, sai wani a aji ya ce to ke nan da an yi umarni da zalunci da ya zama alheri? In ka zaɓi na biyu, sai a ce ke nan akwai wani ma'auni da ba Allah ne ya kafa shi ba? Aka tashi ba amsa. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ga Baba kuma, ya tambaye ni, "In an gama wannan karatun me ake zama?" Na ce malama ko ma'aikaciyar gwamnati. Ya ce ai ko me mutum ya karanta yana iya zama wannan. Na yi shiru. Don Allah masu sani, in zauna ko in gudu?

Sarkin Zolaya
Ni tausayin mijin da zai aure ki nake ji. Ya ce miyar nan ba gishiri, ki ce masa ya fara kawo hujjar cewa akwai miyar.

Abu Sumayya
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, ki nemi canji tun da wuri, ko Larabci ne ko Tarihi ko Hausa, kada ki tsaya jiran lauya. Faɗuwar gaban nan da kike ji alheri ce, imani ne yake motsi. Magabata ba su yi sakaci da wannan fanni ba. Ibnus Salah ya yi fatawa mai zafi a kan falsafa da manɗiƙi, wato ilmin auna hujja, Imam Nawawi ma yana cikin waɗanda suka hana. An ruwaito daga Imam Shafi'i cewa hukuncinsa a kan ma'abota kalam, masu muhawarar aƙida da hujjar hankali, shi ne a doke su da zarbar dabino da takalma a zaga da su cikin jama'a. Wannan fa kalam ke nan, wanda Musulmi ke yi da sunan kare addini, ina ga abin da aka kwaso daga Girkawa masu bautar gumaka?

Imam Gazali da ya kutsa cikinsu ya fito, ya lissafa mas'aloli 20 da ya ci gyaransu, ya kafirta su a 3: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Waɗanda yake nufi kuwa su Farabi ne da Ibn Sina, mutanen da suka fi lakcaranki ilmi nesa ba kusa ba. In su sun zame, ni da ke fa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maman 'Yan Biyu
Gaskiya Malam ya faɗa. Akwai ɗan maƙwabcinmu da ya yi irin karatun nan a kudu, ya dawo sallar ma sai an yi da gaske. Uwarsa har yau kuka take. 'Yata ki rufa wa kanki asiri.

Almajirin Zaure
'Yata, kwantar da hankalinki ki saurara. Tambayar da ta hana ki barci ba a jami'a aka fara yin ta a ƙasar nan ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanci usulul fiƙhi, wato tushen hukunce-hukuncen shari'a, ya ci karo da ita a babin tahsini da taƙbihi: wa ke yanke cewa abu kyakkyawa ne ko mummuna, hankali ko shari'a?

Mu'utazilawa suka ce gaskiya kyakkyawa ce a karan kanta, zalunci mummuna ne a karan kansa, kuma hankali yana gane haka ko da ba a aiko Manzo ba. Imam Ash'ari, wanda ya daɗe a cikinsu a Basra yana almajirin Jubba'i kafin ya rabu da su, ya rasu wajen shekara ta 324 bayan Hijira, shi da mabiyansa suka ce a'a, abin da za a ba da lada ko a yi azaba a kansa ba a saninsa sai ta hanyar shari'a. Maturidawa suka tsaya tsakani. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, waɗanda na san Abu Sumayya ba zai yi musu da su ba, suka ce ayyuka suna da kyau da muni da hankali ke iya hangowa, amma ba a kama bawa da azaba sai saƙo ya iso masa, suka kafa hujja da aya ta 15 a Suratul Isra'i. Kin ga wannan ra'ayi huɗu ke nan a kan tambaya ɗaya, duka daga masu kallon alƙibla.

Batun kuma da ya firgita ki, wai akwai ma'auni da ba na Allah ba: umarninsa yana fitowa ne daga hikimarsa da adalcinsa, su kuwa siffofinsa ne, ba wata doka ba ce da ke zaune a samansa. Ki koma Arba'una da kika haddace a Islamiyya, hadisi na 24, inda Allah yake cewa ya haramta wa kansa zalunci. Ba wani ne ya haramta masa ba. Ban ce wannan ya kashe maganar ba, malamai har gobe suna jan ta. Amma ki sani malaminku ya ba ku rabin labari ne. Girkawan da aka yi wa tambayar tun farko alloli barkatai suke da su, masu faɗa da juna, wannan ya so abu wancan ya ƙi shi. A wurinsu tambayar ta fi cizo.

Shi Gazalin ma da aka ambata, ya ba da labari da bakinsa cewa ya yi kusan wata biyu cikin shakka yana saurayi, har Allah ya yaye masa. Dare ɗaya da kika yi bai isa a yi miki jana'izar imani ba.

Abu Sumayya
Malam, Allah ya ƙara lafiya, amma ka taimaki hujjata ne ba ka sani ba. Amsar da ka ba ta daga ina ka ɗauko? Daga zaure, daga Alƙur'ani da hadisi. Ajin da ya jefa ta cikin ramin bai miƙa mata igiya ba, tashi aka yi aka bar ta. Yau ta yi sa'a kana kusa. Gobe in aka kawo mata maganar me ya sa Allah ya bar sharri a duniya, ko wa ya tabbatar da akwai rai bayan mutuwa, ƙarfe biyun dare, kana ina? Kuma Ibn Taimiyyan da ka kira shi ne ya rubuta littafi sukutum yana rusa manɗiƙin Girkawa, ya ce mai kaifin basira ba ya bukatarsa, daƙiƙi kuma ba ya amfana da shi.

Almajirin Zaure
Ya faɗa, ba musu. Sai dai kafin ya rusa sai da ya karance shi ciki da bai, in ba haka ba da me zai rusa? Bari in tambaye ka, ɗana. Wane littafin fiƙhu aka fara ba ka kana yaro? Ahalari ne, kamar kowa a ƙasar Hausa. To mai Ahalarin nan, Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, shi ne ya yi waƙen manɗiƙi da ake kira Sullam, a shekara ta 941 bayan Hijira, yana ɗan shekara 21, kusan sa'an yarinyar nan. Mutumin da muka yarda ya koya mana alwala da ƙabli da ba'adi. A cikin waƙen ya kawo saɓanin da kansa: ya ce Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, sannan ya ce magana mafi shahara kuma ingantacciya ita ce ya halatta ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna.

Kafin shi, Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ƙarshen ƙarni na 15, sun yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan wannan mas'ala. Suyuɗi yana hanawa, Magili yana karewa, kuma ba wanda ya fitar da ɗan uwansa daga Musulunci. Mu zo gida kuma: Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, an haife shi 1804 ya rasu 1864, ya koyar a makarantar Salame, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa da hikima a tsakiyar daular Sakkwato. Ko tauhidin Sanusi da muka karanta, da me yake farawa? Da rabe hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi. In wannan ba tunani a tsare ba ne, mene ne?

Abu Sumayya
To alhamdu lillahi, mun zo wurin. Sharaɗin Akhdari nake so a riƙe: wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Ɗan Tafa a gidan Shehu ya tashi, uwarsa malama ubansa malami. Ƙanwarmu daga sakandare ta fito. Kuma manɗiƙi daban, falsafar da za a kawo mata a aji uku daban, inda za ta karanta Turawan da suka fito fili suka ce babu Allah. Kada a fake da guzuma a harbi karsana.

Almajirin Zaure
Wannan kam ka yi gaskiya, ba zan ja ba. Sharaɗin yana nan. Inda muka rabu shi ne kai ka ce ta bari don ba ta cika shi ba, ni na ce ta cika shi tana tafe. Sanyin Janairu a garin nan bai taɓa hana kowa fita kasuwa ba, rigar sanyi ake nema. Ta samu malami ko malama da za ta riƙa kai wa abin da ya shige mata, kada ta bar Islamiyya don ta shiga jami'a.

Ɗan Tudun Wada
Salama gare ku. Ni Kirista ne, in an ba ni dama in sa baki, don mu ma muna da wannan rigimar a gida. Akwai fastocin da in ka ce falsafa sai su buɗe maka Kolosiyawa 2:8, inda Bulus ya yi gargaɗi kada a ruɗe mu da ita. Wasu kuma su buɗe Ayyukan Manzanni sura 17, inda shi Bulus ɗin ya tsaya a Atina yana muhawara da masanan falsafa, har yana kawo maganar mawaƙansu. A Katolika kuwa ba a naɗa mutum fada sai ya yi shekaru yana karatun falsafa kafin ya shiga tauhidi. Makarantar horar da fada-fada ta Saint Augustine tana nan cikin Jos. Shi Agustin ɗin ɗan Afirka ne, an haife shi shekara ta 354 a inda yake Aljeriya yanzu. Toma Akwinas kuma, wanda ya rasu 1274, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd sosai, in ya ce "mai sharhi" kawai to Ibn Rushd yake nufi. Amsar da ya bayar a kan tambayarki ba ta yi nisa da ta Malam ba: nagarta halin Allah ne, ba wani abu ne a gefensa ba.

Na yi shekara biyu a irin wannan karatu kafin na koma wani layi. Abin da na lura, ƙanwata, waɗanda suka fi shiga ruɗu su ne masu jin kunyar tambaya, su dunƙule abin a ciki su kaɗai.

Sarkin Zolaya
Ikon Allah. Yau ga Izala ga ɗariƙa ga coci a tabarma ɗaya, ba a jefi kowa ba. Falsafa ta yi rana.

Mai Kula da Zaure
Sarkin Zolaya, a kiyaye. Ba a tambayi kowa aƙidarsa ba.

Anti ta Gwarimpa
Kun cika yarinya da sunayen mamata, ba wanda ya amsa tambayar mahaifinta, alhali ita ce za ta dame ta nan da shekara huɗu. Ni ma'aikaciya ce a Abuja, bari in faɗa miki yadda abin yake.

Na farko, kada ki ɗora ranki a kan canjin kwas zuwa lauya. Kowace jami'a akwai adadin ɗaliban lauya da hukumar kula da karatun lauyoyi ta yanka mata, in ta wuce shi ita ce za ta sha wahala wajen tura su makarantar lauyoyi. Shi ya sa gurbin yake tsada, kuma masu nemansa daga wasu sassa suna da yawa. Ki je ofishin sashenku ki tambayi sharaɗin da bakinki, kada ki dogara da jita-jitar hostel. In bai yiwu ba, ƙofa ba ta rufe ba: in kin fita da sakamako mai kyau kina iya neman lauya ta hanyar shiga kai tsaye, ki fara daga aji biyu. Hanya ce mai tsawo da cin kuɗi, amma akwai masu bin ta.

Sai batun aiki. Babanki bai yi ƙarya ba. Ba za ki taɓa ganin talla an ce ana neman masanin falsafa ba, sai dai a jami'a. Amma guraben gudanarwa a ma'aikatu, aikin jarida, ƙungiyoyi masu zaman kansu, yawanci digiri suke nema da iya rubutu. A ofishinmu abin da ke kashe mu shi ne mutum ya kasa rubuta takarda shafi ɗaya da za a gane me yake so a yi kuma don me. In za ki koyar, sai kin ƙara difilomar koyarwa kin yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Ki haɗa da kwamfuta ko wata sana'a tun yanzu, wannan ko lauya kika karanta haka zan ce miki. Lauyoyi nawa ne ke gararamba a Wuse da baƙar kwat? Kada ki saki gurbin da ke hannunki ki koma zaman jiran JAMB, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

'Yar Anguwar Rogo
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Malam, wallahi na buɗe Arba'una na duba, hadisin da nake rerawa tun ina firamare, ban taɓa kawo shi kusa da wannan ba. Malam Abu Sumayya, ban ji haushi ba, tsoron da kake ji min shi nake ji wa kaina.

Amma akwai abin da ban iya faɗa ba da farko. Kowa yana ba ni maganin tsoro, alhali abin da ya fi damuna shi ne ina jin daɗin karatun. Ko an ba ni lauya gobe ban tabbata zan tafi da farin ciki ba, kuma ina jin nauyin in faɗa wa Baba haka bayan ya gama gaya wa abokansa a Katako cewa 'yarsa lauya za ta zama. Wani lokacin kuma abin haushi yake ba ni. Mun yi lakca guda a kan wani Talis da ya ce asalin komai ruwa ne. Na ce yanzu a kan wannan shirmen ake biya min kuɗin makaranta? Ga Turancin littattafan, sai in karanta shafi in koma farko ban san me na karanta ba.

Tsohon Ɗalibi
Ƙanwata, ni na yi kwas ɗin nan na gama, na yi bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Bukuru, da yamma ina zama shagon waya. Ba zan yi miki kwalliya ba.

Talis ya yi kuskure, kowa ya sani, malaminku ma ya sani. Ba don amsarsa ake karanta shi ba. Mutumin ya rayu a Miletus, wani garin Girkawa, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da in an tambayi mutanensa asalin duniya sai su kawo tatsuniyar allolinsu, wane ya auri wance suka haifi teku. Shi sai ya kawo amsar da za a iya ja da ita. Kuma nan take aka ja: Anaksimanda, ɗan garinsu, ya ce ba ruwa ba ne, wanda ya biyo bayansa ya ce iska ce. Tatsuniya ba a ce mata ƙarya kike, sai dai a saurara. Wannan sabon salon, na faɗi dalilinka a auna, shi ake so ki gani. Shekarar farko haka take, kamar ana wasa da hankalinki. A aji biyu abin yake fara haɗuwa.

Turanci kuwa kowa ya sha wannan. Ki daina karatu kamar labari. Ki ɗauki sakin layi ɗaya, ki tambayi kanki me mutumin nan yake so in yarda da shi, wane dalili ya bayar, ki rubuta da Hausa a gefen takarda. In kin kasa faɗarsa da Hausa to ba ki gane ba tukuna.

Abin da na samu a ciki? Ba kuɗi ba. Amma mu da muka tashi a garin nan muka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, mun san abin da "an ce" take haifarwa, mun san yadda ake ɗaukar laifin mutum ɗaya a shafa wa unguwa guda. Yanzu in aka turo min saƙo a WhatsApp sai na tambayi wa ya gani, ta yaya aka sani. Maman 'Yan Biyu, da girmamawa, ɗan maƙwabcinku ma a nan ya faɗo: mutum ɗaya ne. Ajinmu akwai mahaddata, sun fita da haddarsu. Kuma na san waɗanda suka bar salla ba su taɓa taka sashen falsafa ba, a waya suka tsinci abinsu. Kada a manta ma, duk ɗalibin jami'a a Najeriya, ko likita ko injiniya, sai ya yi darasin falsafa da manɗiƙi a cikin kwasa-kwasan gama-gari da ake kira GST. Canjin kwas ba zai raba ta da shi gaba ɗaya ba.

Illarsa da na gani a kaina da abokaina ita ce girman kai. A aji biyu mutum ya koyi sunayen kurakuran hujja, sai ya koma gida yana kama mahaifiyarsa da su. Wannan ya fi kusa da ke fiye da ridda.

Maman 'Yan Biyu
To ni dai abin da na gani na faɗa. Mutum ɗaya ne a wurinka, a wurin uwarsa shi ke nan gare ta.

Tsohon Ɗalibi
Haka ne Hajiya, Allah ya shirya shi.

Anti ta Gwarimpa
Batun Babanki, kada ki je masa da "ina jin daɗi", ba yaren da zai ji ba ne. Ki bari sakamakon zangon farko ya fito, ki kai masa takarda a hannu. Iyaye maki suke ganewa. Kuma in ya ce mata ba sa wannan karatu, akwai Farfesa Sophie Oluwole, mace ta farko da ta yi digirin digirgir a falsafa a Najeriya, a Ibadan cikin 1984, ta koyar a Jami'ar Legas, ta rasu 2018. Ita aikinta a kan hikimar Yarabawa ta yi shi. Tamu ta Hausa, karin magana da waƙoƙin wa'azi da abin da muke nufi da mutumin kirki, tana nan tana jiran masu yi.

'Yar Anguwar Rogo
In sha Allahu Anti. Baba Malam, Sullam ɗin a ina zan samu, kuma zan iya karanta shi ni kaɗai?

Almajirin Zaure
Ki duba wajen masu littattafai na kusa da Babban Masallacin Juma'a, ɗan ƙarami ne. Amma ke kaɗai a'a. Baitoci ne dunƙulallu, sai da mai warwarewa.

'Yar Anguwar Rogo
To. Kafin nan ga wani aikin gida da aka ba mu, gobe za a karɓa. An ce mu faɗi ko hujjar nan ta tsayu: duk wanda ruwan sama ya doka zai jiƙe, Audu ya jiƙe, saboda haka ruwan sama ne ya doki Audu.

Sarkin Zolaya
In a Jos ne kuma watan Agusta, ta tsayu daram. Rubuta ki kai.

Abu Sumayya
Kada ki biye masa. Ba ta tsayu ba. An ce duk wanda ruwa ya doka zai jiƙe, ba a ce duk wanda ya jiƙe ruwa ne ya doke shi ba. Wataƙila ɗan garuwa ne ya yi karo da shi, ko ya faɗa kogin Dilimi. Kun ga ni ban taɓa buɗe littafin manɗiƙi ba, ga shi na gane. Maganar Ibn Taimiyya ta fito.

Tsohon Ɗalibi
Malam, abin da ka yi yanzun nan shi ne darasin gaba ɗaya, har da misalin da ake so ta kawo. Da kana ajin da ka ci maki goma cif.

Abu Sumayya
A bar min makin a wurinku. Ƙanwata, batun malamar da za ki riƙa kai wa tambayoyi, ki sanar da mu in kin samu. In ba ki samu ba zuwa ƙarshen wata ki yi magana, matata tana koyarwa a Islamiyyar matan aure a Rikkos, za ta san wadda ta dace. Ni dai ban janye maganata ta canjin kwas ba.